Dangin Buzuzu a Cikin Daskararren Ƙaro: Sharhi a Kan Shaidar Shekara Miliyan 99

Lokaci zuwa lokaci labari yakan ɓullo a shafukan kimiyya cewa an gano wani ƙwaro mai shekara miliyan 99 kwance a cikin wani dutse mai launin zuma, ƙafafunsa da gashin jikinsa duk suna nan kamar jiya ya mutu. Kafin mai karatu ya gama mamaki sai wani labarin ya ce dangin wannan ƙwaro sun kai shekara miliyan 295 a duniya, na uku kuma ya ce miliyan 327. Malamin makaranta a Aboabo ko ɗalibin jami'ar KNUST, a nan Kumasi, da ya ci karo da waɗannan alƙaluma yana da hujjar ruɗewa, domin ba kasafai labaran suke bayyana cewa kowace lamba daga irin shaida daban aka samo ta ba. Ɗaya daga ƙaron itace ta fito, ɗaya daga shatar jiki a kan dutse, ɗaya kuma lissafi ne da aka yi da ƙwayoyin halittar ƙwarin da suke raye yau.

Wane ne buzuzu, kuma mene ne amba

A bakin Bahaushe buzuzu shi ne ƙwaron nan da yake mulmula kashin dabba yana tura shi da ƙafafun baya. A wannan sharhi an faɗaɗa sunan ya game dukkan rukunin da masana suke kira Coleoptera, kalmar Girkanci da ta haɗa "kube" da "fiffike". Sunan ya dace da siffar: fikafikan gaba sun taurare sun zama kube biyu da suke haɗuwa a miƙaƙƙen layi a tsakiyar baya, fikafikan tashi kuma suna naɗe a ƙarƙashinsu. Hangara mai sa fata ta yi bororo tana cikin rukunin. Haka ma ƙwaron da yake huda wake a buhu, da ƙwaron nan mai ƙyalli da dare, da uwar tsutsar kwakwar manja da Asantawa suke kira akokono. Kyankyaso ba ya ciki, akate mai tsotsar koko ma ba ya ciki, ko da yake ido yana iya haɗa su. Dukkan 'yan rukunin suna bin matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanciyar rikiɗa, sannan babban ƙwaro. An yi wa kusan nau'i 400,000 suna, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan nau'o'in dabbobin da kimiyya ta sani.

Amba kuwa ƙaron itace ne da ƙasa ta binne, zafi da nauyi suka yi aiki a kansa tsawon miliyoyin shekaru har ya sandare ya daina narkewa cikin sauƙi. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaron maje yana tsatsowa daga jikin itace da ƙananan ƙwari maƙale a ciki ya ga matakin farko na al'amarin. Larabawa suna kiransa kahraman, kuma da shi ake yin wasu carbuna masu tsada. Ba shi ne ambar na turare ba, wanda daga cikin wata babbar dabbar teku yake fitowa, ko da yake sunayen biyu tushensu ɗaya ne a Larabci. Akwai kuma ƙaron da bai gama nuna ba, mai shekaru ɗaruruwa ko dubbai, wanda ake kira kofal. Irinsa ne aka riƙa fitarwa daga gaɓar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, zuwa Turai a ƙarni na 19 don haɗa man goge katako.

Kalmar juyin halitta, a amfanin masana wannan fanni, tana nufin sauye-sauyen da zuriya take yi a siffa da hanyar rayuwa daga zamani zuwa zamani, har reshe ɗaya ya rabu biyu.

Abin da ya gabaci ƙaro

Mafi tsufan burbushi, wato ragowar jikin halittar dā da ƙasa ta adana, da masana suka amince cewa na buzuzu ne ba a cikin amba aka same shi ba. A kan dutse yake, a danne kamar ganyen da aka manta a cikin littafi. Coleopsis archaica, wanda aka samu a yankin Saarland na Jamus aka kuma bayyana shi a 2014, yana da kimanin shekara miliyan 295, farkon zamanin da ake kira Famiyan. Akwai 'yan uwansa daga Tshekarda a tsaunukan Ural na Rasha da kuma Obora a Jamhuriyar Cek. Kubensu bai gama taurarewa ba: yana da jijiyoyi kamar raga, ya fi cikin ƙwaron tsawo, kuma bai rungumi jiki sosai ba. Siffar jikinsu mai faɗi ta sa ake ganin a ƙarƙashin ɓawon itace suka rayu. An taɓa gabatar da wani burbushi mafi tsufa daga Illinois ta Amurka, Adiphlebia, a matsayin buzuzu a 2009, amma akasarin masana ba su karɓa ba.

Shekara miliyan 252 da suka wuce aka yi halaka mafi girma a tarihin rayuwa, wadda ake dangantawa da aman wuta mai yawa a Saiberiya. Dazuzzuka suka ƙare a wurare da dama, buzuzu masu cin itace suka yi ƙaranci a cikin duwatsun farkon zamanin Tirayasik, wanda ya biyo bayan Famiyan, sai da dazuzzuka suka farfaɗo suka sake bayyana. Rassan buzuzu huɗu ne suka tsira har yau. Archostemata da Myxophaga ƙanana ne, Adephaga ya ƙunshi mafarauta na ƙasa da na ruwa, Polyphaga kuma shi kaɗai ya kwashe kusan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in.

A nan ne iyakar amba take bayyana. An samu ƙaro mai kimanin shekara miliyan 320 a cikin kwal na Illinois, amma ƙananan ɗigo ne da babu ƙwaro a ciki. A tsaunukan Dolomite na Italiya masu bincike sun duba ɗigo kusan 70,000 masu shekara miliyan 230, kuma abin da suka sanar a 2012 halittu uku ne kacal: biyu 'yan mitsi-mitsi dangin kaska, da ɗan ƙuda guda. Amba mai ɗauke da ƙwari masu yawa bai fara ba sai kimanin shekara miliyan 130 da suka wuce. Tsakaninsa da Coleopsis akwai wajen shekara miliyan 165, fiye da rabin tarihin rukunin gaba ɗaya. Saboda haka duk kanun labarin da ya ce amba ya nuna "buzuzu na farko" ya zarce abin da shaidar take iya ɗauka.

Wani abu mai ban mamaki ne ya ɗan cike giɓin. A 2021 Martin Qvarnström na jami'ar Uppsala da abokan aikinsa suka haska sandararren kashin wata dabba dangin dainoso, wadda ake kyautata zaton Silesaurus ce, daga Krasiejów a Folan, da na'urar haske mai ƙarfi da ke Grenoble a Faransa. A ciki suka ga ƙananan buzuzu cikakku, har da ƙafafu da ƙahonnin sansano, masu shekara miliyan 230. Suka sa musu suna Triamyxa coprolithica.

Taskoki uku da yadda ake sanin shekarunsu

Amban Labanan, wanda Dany Azar ya shafe shekaru yana nazari, shi ne mafi tsufa cikin manyan taskokin, mai kimanin shekara miliyan 130. Na Sifaniya, daga wurare irin su El Soplao da Peñacerrada da San Just, yana da wajen miliyan 105. Wanda ya fi kowanne yawan ƙwari shi ne na kwarin Hukawng a jihar Kachin ta arewacin Myanmar. Dukkan ukun na zamanin Kiritashiyos ne, zamani na ƙarshe da dainoso suka rayu. Amban tekun Baltik, wanda ya fi cika kasuwannin kayan ado, yaro ne a kansu, domin bai wuce shekara miliyan 34 zuwa 48 ba.

Ba ƙaron kansa ake aunawa ba. Ƙasar da ta binne shi ake dubawa. A Hukawng ƙasar tana ɗauke da tokar aman wuta, a cikin tokar kuma akwai ƙananan ƙwayoyin zirkon, waɗanda yuraniyom ɗin da ke cikinsu yake rikiɗa zuwa dalma a kan ƙayyadadden sauri. Awon da aka wallafa a 2012 ya ba da shekara miliyan 98.8, daga nan aka samo lambar 99 da take yawo a labarai. Don a kwatanta: ramin tafkin Bosomtwe, wanda dutsen sama ya haƙa kudu maso gabashin Kumasi, shekararsa kimanin miliyan ɗaya ce.

Abin da aka gani ido da ido

Dutse yana ba da shata, yawanci ta kube kaɗai. Amba yana ba da dabbar da kaurinta da tsayinta, da bakinta, da abin da take ɗauke da shi a lokacin da ƙaro ya rufe ta. Ƙimarsa ke nan: yana nuna sana'ar ƙwaron.

Misali mafi ƙarfi shi ne garin fure, wanda manomi yake kira bununi idan na gero ne ko dawa. A 2017 David Peris da abokansa suka bayyana Darwinylus marcosi daga amban Sifaniya tare da ƙwayoyin gari 126, wasu a manne da jikinsa. Garin na tsiro marar fure ne, alhali 'yan gidansa da suke raye yau furanni suke ziyarta. A 2018 Chenyang Cai na cibiyar nazarin burbushin halittu ta Nanjing ya bayyana Cretoparacucujus daga Myanmar, tare da garin saikad, tsiron nan mai kama da gajeriyar kwakwa wanda wani nau'insa yake fitowa a tsaunukan yankin Krobo na Ghana. A gindin muƙamuƙinsa akwai wani ɗan rami mai gashi, irin wanda danginsa na Afirka ta Kudu da Ostireliya suke ɗaukar gari da shi. A 2019 kuma aka sanar da Angimordella burmitina, mai ƙusumbin baya da ya dace da kutsawa cikin fure, ɗauke da ƙwayoyi 62 na garin tsiro mai fure na gaske. Idan aka jera ukun, abin da ya fito shi ne buzuzu sun riga sun iya aikin barbarar tsirrai kafin furanni su mamaye duniya, wasu gidaje kuma suka sauya sheƙa da furannin suka yawaita.

Akwai kuma masu zaman cin arziki a gidan wasu. Cretotrichopsenius, da aka bayyana a 2017, jikinsa kamar garkuwa yake, kai da ƙafafu a ɓoye a ƙasa, siffar da ake gani a 'yan uwansa masu zama cikin gidan gara a yau. Promyrmister kistneri, na 2019, yana da faffaɗan ƙafafu da ramukan fitar da sinadari irin na danginsa masu yaudarar tururuwa su zauna a sheƙarta. Cretophengodes azari, na 2021, yana da gurbin fitar da haske a cikinsa. An samu masu cin laimar kwaɗi tare da laimar kanta a amban Myanmar. A 2023 kuma aka ba da rahoton saɓar tsutsotsin buzuzu a tsakanin gashin fiffiken wani dainoso a amban Sifaniya, alamar cewa a sheƙarsa suke kiwo. Ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta, Kekveus jason, tsawonsa bai wuce rabin milimita da kaɗan ba, amma ana iya ƙirga gashin da ya kewaye fiffikensa.

Wani abin lura shi ne gidajen da yau suka zama 'yan tsiraru a lokacin suna da yawa. Gidan Ommatidae, wanda nau'o'insa masu rai ba su fi a ƙirga da yatsu ba a Ostireliya da Kudancin Amurka, ya cika amban Myanmar da siffofi iri-iri. Buzuzun kashi kuwa, mai sunan na asali, baƙo ne a wannan tarihi: mafi tsufan burbushinsa da aka tabbatar, Lobateuchus parisii, daga amban Oise na Faransa yake, mai kimanin shekara miliyan 53.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko a kan ranar haihuwa ne. Masu lissafi da ƙwayoyin halitta suna auna bambancin da ke tsakanin nau'o'i masu rai, su daidaita shi da shekarun burbushin da aka sani, su fitar da lokacin rabuwa. Binciken Toby Hunt da abokansa na 2007 ya ba da kimanin miliyan 285, na Zhang Shao-Qian na 2018 ya ba da 297, na Duane McKenna na 2019 ya kai 327. Masu goyon bayan lamba mai nisa suna cewa burbushi na farko da aka tsinta ba zai taɓa zama dabba ta farko da ta rayu ba, tilas akwai waɗanda suka gabace ta. Masu taka-tsantsan suna amsawa cewa an tono ƙwari masu yawa daga duwatsun da suka girmi Famiyan ba tare da an ga kube ko ɗaya da kowa ya yarda da shi ba, kuma sakamakon lissafin yana sauyawa gwargwadon burbushin da aka zaɓa a daidaita shi.

Na biyu a kan dalilin yawansu ne. Brian Farrell ya kafa hujja a 1998 cewa bunƙasar tsirrai masu fure ce ta buɗe wa buzuzu masu cin ganye da 'ya'yan itace ƙofa. Hunt da abokansa suka nuna cewa fiye da zuriya 100 na yau sun riga sun kafu tun zamanin Jurasik, wanda ya gabaci Kiritashiyos, kafin furanni su yi ƙarfi. Dena Smith da Jonathan Marcot suka ƙara a 2015 cewa sirrin yana ga rashin mutuwa: gidajen Polyphaga da wuya suke ɓacewa, har halakar da ta kawar da dainoso shekara miliyan 66 da suka wuce ba ta yi musu babbar illa ba. McKenna ya kawo wani dalilin, cewa wasu zuriyoyi sun samu ƙwayoyin halittar narkar da ɓawon tsiro daga bakteriya da fumfuna. Amba yana ba kowane ɓangare abin riƙewa. Ya tabbatar da cewa gidajen tsofaffi ne, ya kuma nuna sauya sheƙar zuwa furanni tana faruwa. Ra'ayoyin ba sa kore juna, gardamar a kan wanda ya fi nauyi ce.

Ko ƙwaro guda ma ana iya saɓawa a kansa. An gabatar da Pelretes vivificus a 2021 a matsayin mai cin garin fure, saboda kashinsa da aka samu kusa da shi cike yake da gari, daga baya wasu masana suka ce garin na tsiro marar fure ne. Ga kuma son kai na ƙaron kansa: ya fi kama ƙananan ƙwari masu yawo a jikin itacen da yake fitar da shi, babban ƙwaro yakan fizge ya tsere, na ruwa da na fili kuma ba sa kusantarsa. Wani bincike da aka yi a dajin Madagaska aka wallafa a 2018 ya kwatanta abin da sabon ƙaro ya kama da abin da tarkuna suka kama, ya tabbatar da cewa ƙaro ya fi kama masu zama a jikin itacen.

Tambayar halacci

Ma'adinan Hukawng suna yankin da sojojin Myanmar da mayaƙan Kachin suka daɗe suna faɗa. A 2017 sojoji suka karɓe yankin ma'adinan da ke kusa da Tanai, mazauna da yawa suka rasa matsuguni. Akasarin amban ana tsallakar da shi ne zuwa kasuwar Tengchong a lardin Yunnan na Sin, inda masu kayan ado da masu bincike suke saye. A Afrilun 2020 ƙungiyar masana burbushin dabbobi masu ƙashin baya, mai hedikwata a Amurka, ta nemi mujallu su daina wallafa bincike a kan amban da aka saya bayan Yunin 2017, wasu mujallu suka bi. Masu goyon baya suna cewa kuɗin yana iya ƙarewa a hannun masu yaƙi, kuma 'yan Myanmar kaɗan ƙwarai ne sunansu yake fitowa a cikin binciken. Wasu masana ƙwari suka amsa cewa tarin da ke gidajen adana kayan tarihi da yawa ya girmi rikicin, cewa ƙananan mahaƙa da iyalansu ne haramcin zai fi shafa, kuma abin da masana suka ƙi saye zai tafi ga masu sarƙa da zobe ne kawai.

Abin da ya shafi mutanen nan

Wannan bincike ba zai sauya farashin masara a Asawase ba, amma yana haskaka wasu abubuwan da 'yan kasuwa da manoma suke fama da su. Mai sayar da bandar kifi da ta buɗe kwando ta ga tsutsa mai gashi ta rarake kifin ta bar ƙashi da fata, tana kallon aikin gidan Dermestidae ne, gidan da ake danganta tsutsotsin nan na gashin dainoso da shi. Busasshen nama da fata da gashi abincinsu ne tun can. Babban mai huda masara, Prostephanus truncatus, ɗan gidan masu huda itace ne daga Amurka ta Tsakiya. An gan shi a Togo a 1984, ya shigo yankin Volta na Ghana a 1989. Da yake asalinsa ɗan itace ne, yana iya rayuwa a daji da cikin katakon rumbu, shi ya sa share hatsi kaɗai ba ya kawar da shi. Abin da aka saki don yaƙarsa, Teretrius nigrescens, shi ma buzuzu ne, ɗan gida ɗaya da Promyrmister.

Ta fuskar amfani kuwa, barbarar kwakwar manja ta dogara sosai ga wasu ƙananan buzuzu masu dogon baki. Da aka kai ɗaya daga cikinsu, Elaeidobius kamerunicus, daga Kamaru zuwa Malesiya a 1981, gonakin can suka rage dogaro da barbarar hannu. Manomin da yake fesa magani a lokacin da kwakwa take fure yana iya kashe ma'aikacinsa.

Mai sayen carbi ko tsakiya da aka ce na amba ne yana da buƙatar sanin cewa kofal da roba suna kama da shi. Amba yana shawagi a ruwan da aka cika wa gishiri, gilashi yana nutsewa, amma kofal ma yana shawagi. Bambancin yana fitowa idan aka ɗiga sinadarin goge farce a gefe: kofal yana yin danƙo, amba ba ya yi. Babban ƙwaro da aka daidaita tsaf a tsakiyar dutse mai tsabta, a farashi mai sauƙi, galibi aikin hannu ne. Ko gidan adana kayan tarihin halitta na Landan ya ajiye wani ƙuda na jabu shekaru da yawa kafin Andrew Ross ya gano shi a 1993.

Duwatsun da Kumasi take zaune a kansu, masu ɗauke da zinariyar Asante, sun haura shekara biliyan biyu, sun girmi itace da ƙwari gaba ɗaya, don haka ba wurin neman amba ba ne. Akwai duwatsun zamanin Kiritashiyos a Ghana a gaɓar yamma, a yankin Nzema da ƙarƙashin tekun da ake haƙo mai. A nahiyar Afirka kuwa, amban Habasha da aka sanar a 2010 a matsayin mai shekara miliyan 95 an sake nazarinsa daga baya, aka gano bai wuce kimanin miliyan 16 zuwa 23 ba.